Tun Gobarar Birchi

Dutsin-Ma, daren Talata, bazarar 1985

Yau aka fara kwas a ofishinmu na kwana-kwana. Malamin da aka turo daga Kaduna ya ce aikin nan yana cin zuciya, kowa ya faɗi abin da ke hana shi barci. Oga na gefe da biro a hannu, wa zai yarda a rubuta shi matsoraci?

Ni kuwa tun gobarar Birchi ban dawo daidai ba. Tsohon nan da ya koma ɗaki don ya kwance awakinsa, ina riƙe da tiyo ina jin muryarsa har ta ɗauke. Yanzu ko ƙararrawar keke na ji sai hannuna ya kama rawa. Ko matata ban gaya wa ba.

Sai Sajan Bulus ya miƙe, mutumin da ya shekara ashirin a aikin nan. Ya ce, "Malam, wata uku ke nan ba na iya bi ta gaban mai tsire." Ya zauna. Oga ya ajiye biron.

Da aka tashi, Sajan ya same ni a bayan motar kashe gobara ya ce, "Isiyaku, na ga hannunka. Gobe ka yi magana, ina kusa da kai."

Na gwada jan numfashin da aka koya mana, amma bai yi mini amfani ba. Ina tsoron a sauke ni daga mota a mai da ni gadin ƙofa. Amma na riga na ce wa Sajan to. Allah ka ba ni bakin faɗa.