Matoshin Gadar Tutli

Tashkent, 2 ga Yuni, 1996

Yaya Narƙul,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida Yaya Aijamal da duk mutanen Tutli, har da Baba Halmurad, in har yanzu yana nan yana faɗa da jakinsa.

Na san abin da za ka fara faɗa: shekara goma sha ɗaya ban zo gayyar yasar kwata ba, zuwana na ƙarshe kuma jana'izar Baba ce, ita ma na iso an riga an dawo daga maƙabarta. Ba ni da ta cewa. Duk watan Maris nakan ɗaura niyya, sai aiki ya kwance ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na rubuta shafi talatin a kan gadar ruwanmu, wadda kwata ke bi ta kanta ta haye kwari, na ƙirga duwatsunta da bakan gini uku da ke ɗauke da ita, na kawo maganar duk wani matafiyi da ya taɓa ratsa kwarinmu. Shugaban sashenmu, Farfesa Sultanbekov, ya karanta shafin farko, wanda a wurin farfesa daidai yake da karanta duka. Yanzu ya nace sai ya gani da idonsa, shi da baƙi biyar, ranar 14 ga Yuli. Kuma bakina ya riga ya yi mini aika-aika, don na ba shi labarin yadda ruwa ke tsartuwa cikin kwari in an cire matoshin da ke tsakiyar gadar.

Na sani sau ɗaya ake cire shi a shekara, ranar gayya, don laka ta fita. Amma kai ne sarkin ruwa, kamar Baba, kamar Kaka. Rabin sa'a kawai nake roƙo. Takardar ƙarin girmana tana kan teburin mutumin nan tun bara, tana shan ƙura.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka,
Ergash

Tutli, 15 ga Yuni

Ergash,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Baba Halmurad yana nan, jakin ne ya mutu.

Ruwan Yuli ba nawa ba ne da zan yi wasa da shi. Ranar 14 rabon mutanen unguwar ƙasa ne, auduga da kankanarsu na jira. Ku zo ranar 16. Daga azahar rabon gidanmu ne, duk abin da ya zube a kwari daga bakin rumman ɗina ya fita, babu mai magana.

Ka gaya wa farfesan ya sa takalmin da ba ya santsi. Aijamal ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana tsince kitse daga cikin shinkafa.

Allah ya kawo ku lafiya.
Narƙul

Tashkent, 22 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Mun iso lafiya, har yanzu baƙin nan zancen shinkafar Yaya Aijamal suke yi, mai ƙaramin gemun nan ma ya rantse bai ƙara jin yunwa ba sai ranar Laraba.

Kana can bakin kwata, ba ka ji abin da ya faru a kan gadar ba. Farfesa na tafe a gaba, ruwa na gudu a gefen ƙafarsa, ya riƙe hula da hannu ɗaya, ɗayan ya damƙi kafaɗata. Ya tsaya ya leƙa ƙasa ya ce, "Wannan gini salon Rumawa ne, babu shakka."

Baba Halmurad ya ce, "Su wa?"

"Rumawa, tsoho. Manyan magina na da."

"To, ɗana, kakan kakana ne ya ɗauko dutsen da kake takawa. Rumawan nan ban ji an ce sun zo gayya ba."

Na yi tari don in ɓoye dariya, saura kaɗan in faɗa kwari.

Sai ga ka da guduma. Bugu uku, matoshi ya fita, ruwa ya yi tsalle fari fat har rana ta zana launuka a jikinsa. Wallahi Yaya, idona ya ciko. Rabona da ganin wannan tun ina da gashi a kai.

Sauran ka gani. Farfesa ya tsamo matoshin daga bokitin da ka jiƙa shi a ciki, baƙi wuluk, sumul, ya ce bai taɓa riƙe abu mai kyau haka ba. Baƙo ya yabi abu a gaban jama'a, me ya rage wa mai gida? Na dafa ƙirji na ce, "Naka ne, ranka ya daɗe." Na ji daɗi da kai ma ka maimaita, "Naka ne," kafin ka ɗauki gatari ka gangara. Gungume ne dai, itace kuma bai ƙare a Tutli ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ba ka zo cin abinci ba, da za mu tafi kuma daga nesa ka ɗago mini hannu. Ko gajiya ce?

Ƙaninka,
Ergash

Tutli, 29 ga Satumba

Malam ɗan birni,

Bayan gaisuwa, yayanka bai san na rubuta wannan ba, kada kuma ka gaya masa. Wasiƙarka tana nan cikin aljihunsa wata biyu, ya karanta ta har ta yage, bai ba da amsa ba.

Kai da ka ƙirga duwatsun gada, ashe ba ka san matoshi ba? Itacen tut ne. Sai ya shekara uku yana bushewa a inuwa, a sassaƙe shi, a jiƙa shi kwana arba'in ya kumbura daidai bakin ramin. Wanda ka kyautar, Baba ne ya sassaƙe shi da hannunsa. Na canji yana rataye a rumfarmu, bara aka sare shi, da sauransa shekara biyu.

Ranar nan ɗanyen icce yayanka ya cusa, ya naɗe shi da rigar sanyinsa. Tun daga lokacin gadar ke yoyo, kashi ɗaya cikin uku na ruwan yana tafiya kwari. Ya gwada laka, ya gwada bargo, ya gwada gashin akuya.

Na ce masa, "Kai ba ka da baki ne? Me ya hana ka cewa a'a?"

Ya ce, "In kunyata ƙanina a gaban maigidansa? In karɓe kyauta daga hannun baƙo?"

Na ce, "To, sai mu shayar da gonakin da kunyar."

Mutanen unguwar ƙasa sun zo ƙofar gida, Cori mai kankana a gaba, yana cewa, "Sarkin ruwa ya yi wa 'yan boko wasan biki da ruwanmu!" Yayanka bai musa ba. Ya bar musu rabon gidanmu gaba ɗaya har ƙarshen zafi. Ni da 'yan mata muka yi ta jido daga kwari da bokiti, amma bokiti nawa zai ishi gona? Rumman ya zubar da 'ya'ya. Bishiya goma sha biyu na layin da Baba ya dasa sun bushe.

Juma'ar da ta wuce, bayan salla, ya miƙe ya ajiye gudumar sarkin ruwa a gaban dattawa. Babu wanda ya ce ya ajiye, babu kuma wanda ya ce ya ɗauka. Cori aka ba.

Ban rubuta don ka yi kuka ba. Na gaji ne da ganin mutum ɗaya yana ɗauke da kayan mutum biyu. Na aiko maka da busasshen inabi, ka ci ko ba ka cancanta ba.

Matar yayanka,
Aijamal

Tashkent, 12 ga Oktoba

Yaya Narƙul,

Assalamu alaikum. Na ji komai. Kada ka tambaye ni wanda ya gaya mini, tsuntsuwa ce mai iya dafa shinkafa.

Jiya na je ofishin Farfesa. Matoshin yana kan kantar littattafai a bakin taga, inda rana ke dukansa tun safe. An shafa masa man ƙyalli, an kafa masa ɗan allon tagulla da ƙusa huɗu, an rubuta "Hikimar magabata". Ya tsage daga sama har ƙasa, yatsana yana shiga.

Na ce ina roƙo a mayar mini. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ashe a garinku ana karɓe kyauta?"

Na ce, "Ba a yi, ranka ya daɗe. Ni ne na farko."

Ya miƙo mini ba tare da ya ƙara kallona ba. Takardar ƙarin girman kuwa tun Agusta ya sa mata hannu. Na so a ce bai sa ba, da na sami abin da zan ce ni ma na rasa.

A cikin mota na rungume matoshin kamar jariri, sai ranar da Baba ya sassaƙe shi ta dawo mini. Kai kana riƙe da gungumen, ni ina kan dakali da littafi. Ya ce, "Ergash, zo ka ga yadda ake yi." Na ce bari in ƙarasa shafin nan. Yaya, na manta ko wane littafi ne. Na karanta abin da mutum goma sha tara suka rubuta a kan gadar nan, kusan dukansu kwana ɗaya suka yi a kwarin, na bar wanda ya yi shekara saba'in a kanta yana kirana.

Na san ba zai ƙara toshe komai ba. Duk da haka na ba direban motar Denau, mai bi ta wajenku, ya kawo maka, don ba ni da hurumin ajiye shi. Ban san yadda ake neman gafarar bishiya goma sha biyu da gudumar da ka gada daga Baba da Kaka ba. In akwai abin da zan iya yi, ka faɗa. In kuma shirun ne hukuncin, na karɓa.

Ƙaninka,
Ergash

Tutli, 20 ga Fabrairu, 1997

Ergash,

Wa'alaikumus salam. Saƙo ya iso tun kaka. Na cire tagullar. Aijamal tana tokare ƙofar rumfa da matoshin.

Cori yana ƙoƙari. Ya sami matoshin aro a wani ƙauye, yana ɗiga kaɗan. Namu sai baɗi.

Gayya ranar 18 ga Maris. Rabon gidanmu taku arba'in ne na kwata, daga bakin gada zuwa tsohuwar bishiyar tut. Shekara goma sha biyu ni kaɗai nake yashe shi, bana bayana ya ƙi. Ashirin naka ne.

Na haƙa rami goma sha biyu a layin Baba, ban dasa komai ba tukuna.

Ka zo da takalmin roba. Kada ka zo da kowa.

Yayanka,
Narƙul