Garin Kunun Damagaram

Sabha, 6 ga Satumba

Zuwa ga yayata Koubra,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Birni. Yaya damina, yaya ƙarfin jiki? Mu nan lafiya lau. Baban Anissa yana gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. A waya ba kya bari in kai aya, ina buɗe baki kin fara salati. Shi ya sa na ba Siradji direba ya kawo miki hannu da hannu. Ki karanta har ƙarshe, ki yi salatinki daga baya.

Yaya, don girman Allah, me ya kai ki yawo da fotona gida gida? An ce kuka kike kina cewa Libiya ta cinye miki ƙanwa. Mutum uku suka kira ni suna yi min sannu, ɗaya har ta ce za ta sa a yi min saukar Alƙur'ani. Ba ni da ciwo! Sau nawa zan faɗa? Aiki aka yi min a Tunusiya, da ƙafata na je, da yardar mijina. Likita ya yanke mafi yawan tumbina ya bar min ɗan kaɗan, loma biyar na ƙoshi. Wata goma sha biyar ke nan. Da kilo ɗari da talatin da ɗaya na shiga, yau tamanin nake.

Ko kin manta yadda nake? Ma'aunin farmasi ba ya ɗaukata, sai in je shagon mai shinkafa in hau na buhuna, mutane suna kallo. Shekara shida ban sa goshina a ƙasa ba, a kan farar kujerar roba nake sallah kamar Inna a ƙarshen rayuwarta. Ciwon sugan da ya ci ƙafar Inna shi ya fara taɓa ni, kuma ba ke zan ba labarinsa ba, ke kika yi jinya. Ran da na fara sujada bayan aikin, na daɗe ban ɗago ba har Baban Anissa ya ɗauka suma na yi. Kuka nake, Yaya.

Kujerar tana nan bayan ƙofa. Ya ce a bayar, na hana. Duk sanda na gan ta gabana faɗuwa yake, kuma faɗuwar nake so, don likitar da ke duba ni a nan ta gaya min ba ɓoye: an rage tumbi, ba a rage kwaɗayi ba. Da yawa bayan shekara biyu sukan koma inda suka fito. Wallahi tsoron nan da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Ga kuma sana'ata. Tun safe har la'asar ina kan tukunya, shinkafa da wake da makaroni na magina kusan sittin, 'yan gida da 'yan Najeriya. Ni ke zuba mai, ni ke shan ƙamshi, ni ke haɗiye yawu. Su kuma sai tsegumi, wai mai abincin da ba ta cin abincinta akwai dalili. Wani ɗan Tawa har leƙa tukunyar yake kafin ya miƙo kwano.

Saƙonki ya iso. Dakuwa da alkaki na raba wa maginan, kada ki ji haushi, kuma kada ki sake. Amma garin kunun geron nan, Allah ya saka miki. Shi kaɗai ke wucewa ba gardama, kofi ɗaya da safe ɗaya da yamma, ba sukari. Ƙamshin gida sak. Sai ɗan ɗaci a ƙarshe, ina jin kimba ta yi yawa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Mansoura

Sabha, 10 ga Nuwamba

Yaya Koubra,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun yi girbi lafiya, kuma tarin Malam ya yi sauƙi. Na gode da garin kunu na biyu, ya zo daidai na farko ya ƙare.

Yaya, abin da nake gudu ya fara. Tamanin da huɗu. Na sauka daga ma'auni na cire mayafi na sake hawa, na cire takalmi, na cire har warwaro. Tamanin da huɗu dai. Na ce ma'aunin ya lalace na je farmasi, nasu ma bakinsu ɗaya.

Wata yunwa ce ta taso min wadda ban taɓa sani ba ko a zamanin ƙibata. Cikin bai ɗaukar da yawa, to sai ta koya min tsince-tsince: loma nan, loma can, ɗanɗanon miya sau goma kamar ban san gishirin hannuna ba. Maƙwabciyarmu Balarabiya ta kawo mana kwali guda na dabinon gonarsu ta Zighan. Na ce na baƙi ne na ɗora saman firij. Cikin kwana huɗu ƙwallaye suka rage, kuma ba baƙon da ya taka gidan nan. Ni da kaina na zuba ƙwallayen a leda na kai bola can nesa don kada a gani. Mace mai shekara arba'in da shida tana satar dabinonta! Kunya kamar in nutse.

Ga barci. Ina tsaye kan tukunya ina gyangyaɗi, shekaranjiya saura kaɗan zanina ya kama wuta.

Abin da ya fi ƙona min rai mutanen da ke kewaye da ni. Baban Anissa wai na fara kyau, kumatu sun dawo. Na ce ya maimaita, ya maimaita kuwa yana dariya. Da na yi kwana biyu ban kula shi ba, maganin da ya gani shi ne ya ɓoye ma'aunin a motarsa, wai shi ke sa min ciwon kai. Ki ji fa! Maginan kuma murna suke, wai Hajiya ta warke, ɗan Tawan nan ya daina leƙa tukunya. Kowa yana yi min barka da abin da ke kashe ni.

Ke ma na ji muryarki da kika ga foton da aka ɗauke ni a wani bikin suna, har guɗa kika yi. Na yi shiru ne kawai don ke babba ce.

Na ɗauki mataki. Na daina ɗanɗano, in gishiri ya yi yawa su sha ruwa. Bayan la'asar ina zaga unguwar Hajara da ƙafa har sai an kira magariba. Na daina burodi, na daina shayin Larabawa mai kumfa. Yanzu kusan kununki kaɗai nake sha, na mai da shi kofi uku don ya riƙe ni, sai ɗan kifi ko ƙwai. In Siradji zai taso ki ƙaro min.

Ki sa ni a addu'a, amma addu'ar da na roƙa, ba wadda kike so ba.

Taki,
Mansoura

Sabha, 19 ga Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar takarda, raina a ɓace yake.

Tamanin da tara. Fuskata ta yi fam kamar ƙullin da ya kwana, zoben Inna ya ƙi fita sai da sabulu. Sugan da ya kwanta tun bayan aikin ya tashi. Likita ta kalle ni ta ce wane magani nake sha a ɓoye. Na ce ban da bitamin ɗin da ta rubuta ko farasitamol ban sha. Ta ce wannan kumburin ba na abinci kaɗai ba ne. Na rantse mata, ta yi min irin kallon da ake yi wa maƙaryaci. Ni Mansoura!

Jiya a sallar azahar gwiwata ta dama ta riƙe, sai da na dafa bango na miƙe. Da na sallame na juya, idona ya faɗa kan kujerar. Ban taɓa ta ba. Amma na daɗe ina kallonta, kuma na san ita ma kujerar ta ga alama.

Me na yi ba daidai ba, Yaya? An yanke ni, na sha wuya, na bar duk abin da nake so, ga shi ina komawa. Na tsani kaina, wallahi na tsani kaina.

Mansoura

Sabha, 12 ga Janairu

Zuwa ga Koubra,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki don Inna ta koya mana gaisuwa ko da rai a ɓace. Ina fata Malam da yara suna lafiya.

Siradji ya iso ranar Talata da ƙullinki na uku. Ya ajiye, ya sha ruwa, ya kalli fuskata ya ce masha Allah magani ya karɓe ni. Sai ya isar da saƙonki tsakani da Allah: wai in fuska ta cika in rage zuwa cokali ɗaya, haka mai maganin ya ce. Na ce wane magani. Bawan Allah ya ɗauka da sanina ake yi. Ya gaya min shi kika aika kasuwar Dole ya sayo miki ƙwayoyin sha-ka-fashe masu sa ƙiba, yana tsaye kika zuba su a turmi kika daka da gero.

Kimba ta yi yawa! Ni da bakina na rubuta miki haka, na kuma ce Allah ya saka miki. Kika karanta, kika tashi kika sake dakawa.

Wata huɗu, Koubra. Wata huɗu ina zagin kaina. Na yi gaba da mijina, na yi rantsuwa gaban likita, na zaga Hajara har takalmina ya tsinke, na dawo gida da yunwa na dama gubar da hannuna na sha ina sa miki albarka. Da na ce miki na mai da shi kofi uku, ko gabanki bai faɗi ba? Da na rubuta miki na tsani kaina fa? Haba Yaya. Haba.

Na kai ragowar garin na biyu wurin likita na faɗa mata komai. Ta riƙe kai. Ta ce irin ƙwayar nan ita ke ta da suga, ta tara ruwa a jiki, ta buɗe ciki, kuma tana iya huda ɗan tumbin da ya rage min. Kin san abin takaicin? Ba a barinta lokaci ɗaya, wai jiki ya saba, in na yanke kwatsam zan iya faɗuwa. Yanzu da takardar likita nake sayen irinta a farmasi ina sha ina ragewa, har mako shida. Kullum da safe in ɗauki abin da ya yi min wannan aika-aika in haɗiya da bisimilla. Ta ce kumburin zai sauka. Sauran kilon kuma, waɗanda na ci da bakina, ni zan sauke su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta yi min alkawarin komai ba.

Kwana uku na yi ban iya ɗaukar biro ba, don abin da zan rubuta ba na ƙanwa ba ne. Da na huce kaɗan sai na tuna watan ƙarshe na Inna. Ina nan Sabha, ke kaɗai ce a kanta. Kin ce min ran da kika ɗauke ta za ki kai ta wanka ba ki ji nauyin komai a hannunki ba. Na san abin da kika gani a fotona ke nan. Kin ga wuyan Inna, kin ga ƙasusuwan kafaɗarta. Na gane, kuma na san so ne. Amma ke ramarta kika tuna, ni kuwa abin da ya kai ta ga ramar nake tunawa. Kafin ta rame sai da ta yi shekara goma a zaune, sai da aka yanke ƙafa. Hanyar nan kika tura ni, da hannunki mai albarka.

Ban ce na yafe ba tukuna. Zan yafe, kin san ni, amma ki bar ni in gama fushina.

Siradji zai kawo miki abu biyu. Na farko ƙullin garinki na uku, ban buɗe ba. Kada ki ba kowa, ko akuya, ki haƙa rami ki binne. Na biyu kujerar. Ya yi ta dariya, wai kujerar roba tun daga Sabha har Damagaram kamar babu irinta a Dole. Na ce ya ɗaure ta saman kaya ya rufe min baki. Ki ajiye ta a tsakar gida inda za ki riƙa ganinta. Duk ran da kika ji marmarin kumatuna, ki kalle ta ki tuna wa kika gani a kan irinta.

Ni kuma yanzu ba abin zama a ɗakina. Yau da azahar gwiwar ta sake riƙewa, na jira ta, na lallaɓa har goshina ya taɓa ƙasa. Na yi miki addu'a a nan, cikin fushi, amma na yi.

In kin matsu sai kin aiko min da wani abu, aiko gero tsaba. Ni zan daka.

Ƙanwarki duk da haka,
Mansoura