Matakala Ta Goma Sha Ɗaya

Litinin, 5 ga Mayu
Yau ma a matakala ta goma sha ɗaya na tsaya. Goma sha tara ne tsakanin shagon ɗinkina da ɗakin Inna a saman bene. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, sau ɗaya nake iya hawa a yini, shi ma da haki kamar an koro ni. Ta kira ni da azahar, ina jin ta sarai, na ƙara wa keke gudu. Allah Ya yafe mini. Ƙiba ta sa ina tsoron benen gidanmu.

Alhamis, 8 ga Mayu
Asibiti. Nas ta ɗora ni a sikeli, ta duba nauyina, sannan ta tambayi abin da nake sha. Na ce lemon kwalba ɗaya, wata rana biyu. Ƙarya na shara mata. Da kwalabe shida nake danne yadi in zan yanka, kafin la'asar kuma duk na shanye su. Shekara tara ke nan. Ni a wajena kayan aiki ne.

Asabar, 17 ga Mayu
Na yi kuskuren gaya wa Yaya. Ta zo ta tuttular da lemon a kwata, ta cika kwalaben da ruwa, ta jera mini a tebur. Wai yadi bai san bambanci ba, kuma sabo turken wawa. Ni ce wawar ke nan. Ban raka ta ƙofa ba.

Laraba, 28 ga Mayu
Ciwon kai kwana huɗu. Ruwa lami. Na sha lemo biyu a bayan labulen gwajin kaya, a ɓoye, da furfurata. Kunya ta kama ni.

Lahadi, 22 ga Yuni
Ina yanka lemon tsami a cikin ruwan kwalaben. Shayi ba sukari. Ba daɗi, amma ana sha.

Talata, 15 ga Yuli
Ba wani abu. Sikeli bai motsa sosai ba, zanina ma yana nan yadda yake. Inna ta yi tari da hantsi, na ɗauki kwalba ɗaya daga kan yadi na hau in ba ta ruwa. Na tallafo kanta tana sha, sai ta ƙura mini ido. Maganarta da kyar take fita yanzu, sai da na kai kunne.

"Na ɗauka yayarki ce. Ban ji kin tsaya ba."

Ashe duk watannin nan tana kwance tana ƙirga takuna, ta san inda nake tsayawa, ta kuma san ranakun da ban taso ba. Na gyara mata matashi na sauko.

Na sake hawa da la'asar. Ba ta kira ni ba.