Gemun Gambo

Zuwa ga Gwaggona, Hajiya Tumba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗiya ga uwar da ta goye ta, ina fatan makwancinki ya yi miki faɗi, ya fi ɗakin hayar nan da nake zaune a ciki ina rubuto miki.

"Ke kika yi karatun asali har Ingila, to yau ga ranarki." Abin da Baffa Sani yake faɗa mini ke nan shekaranjiya a zaure, tun ban gama cire takalmi ba. Ban gyara masa cewa Sikotilan na je ba, na riga na gyara masa sau uku a baya. Ƙanenki ne, kin fi ni sanin kunnensa. Ya turo mini gwangwanin nan na takardun gida da ƙafa, Yaya Bello kuma yana gefe yana kallon tabarma.

Kin san yadda kika bar mu, amma akwai masu karanta wannan ta bayan kafaɗata da ba su sani ba. Garinmu yana tsakanin Zurmi da Shinkafi, kuma ba kowa a cikinsa tun da 'yan bindiga suka tashe mu. Baba shi ne Magajin garin, ya rasu a nan Kaura a gidan haya, rawaninsa na cikin akwati. Bana hanya ta ɗan lafa, mutane suna maganar komawa su yi shuka. An ce a kai sunan wanda zai gaji Baba, tare da asalinsa a rubuce. Gidanmu ya tsayar da Yaya Bello, gidan gabas ma sun tsayar da nasu. Wanda aka naɗa shi zai nuna wa kowa iyakar gonarsa, domin ciyawa ta cinye iyakokin, dattawan da suka san su kuma rabinsu suna inda kike. Don haka ba rawani kawai ake ja ba.

Abin da Baffa yake so kaɗan ne. In kwafe jerin kakanninmu daga ajami zuwa boko, in buga shi da inji, in sa sunana da sunan digirina a ƙasa. Ya ce in 'yan gidan gabas suka ga an ce Ingila, bakinsu zai mutu.

Ban taɓa yi miki bayanin abin da na je karanta ba. Duk lokacin da na fara sai ki ce, "To, Allah shi ba da sa'a, kin dai ci abinci?" Bari in faɗa miki yanzu da ba za ki katse ni ba.

Shekara biyu na yi ina bin asalin shugabannin wani dangi na mutanen tsaunukan ƙasar. Su ma kamar mu suke, kowane dangi da shugabansa, kowane shugaba da marokinsa mai jan sunayen kakanni ranar naɗi. Daga baya aka rubuta sunayen a kan fatar maraƙi. Kowane suna yana da "mak" a gabansa, wato ɗan: wane mak wane mak wane. Da na fara karantawa muryarki na ji.

Sunayen ƙasa, na kusa, gaskiya ne, ana samun su a takardun filaye. Na can sama kuma an aro su ne daga jerin sarakunan da aka ce sun ƙetaro teku daga Ailan fiye da shekara dubu da suka wuce. Abin da ke tsakani ɗinki ne, irin ƙarin da kike yi wa zane in ya gaza. Akwai gidan da ya sauya kakansa na farko fiye da sau ɗaya, gwargwadon wanda yake da ƙarfi a lokacin. Akwai inda maza suka ƙare, ɗiya ta auri baƙo, ɗanta ya gaji gidan, amma a jerin ba za ki ga alamarta ba. Mak, mak, mak, kamar ba mace ce ta haife su ba.

Su ma an tashe su, Gwaggo. Ba da bindiga a kan babur ba, tumaki aka zuba a gonakinsu aka ce su tafi. Yau wani shugaban dangin yana zaune a wata ƙasa daban, mutanensa sun watsu a duniya, amma akwai kotun da ke zama ta duba takardu ta ce shi ne ya cancanci soka gashin gaggafa uku a hula. A lokacin abin dariya yake ba ni. Ban san gida nake karantawa ba.

Malamata tsohuwa ce mai rawar hannu. Ita ta koya mini yadda ake karkata fata a gaban fitila don a ga inda aka kankare. Takan ce sunan ƙarya ma shaida ne, yana gaya maka abin da mai gidan yake tsoro. Na rubuta wannan a littafina na ja masa layi, kamar sabon ilimi. Alhali ke kin koya mini shi ina da shekara bakwai, kaina a tsakanin gwiwoyinki.

Ranar Juma'a kike yi mini kitso, kowane layi da sunansa. Magaji Bawa. Magaji Jatau. In kin zo layi na uku sai ki ja gashin har hawaye ya fito, ki ce, "Wagga Gambo ce, ji zafin don kada ki mance ta." Ni kuwa abin da na riƙe a lokacin shi ne Gambo muguwa ce.

Daga baya kika ba ni labarin a gutsure, rabi wajen tsinkar zogale, rabi a hanyar rijiya. Gambo ta biyo tagwaye, shi ya sa sunan, wanda namiji ma yana amsa shi. Tagwayen ƙyanda ta ɗauke su, ita kaɗai ta rage wa Magaji Jatau. Ta auri wani falke da ya zo da kanwa a kan jakuna daga arewa, wanda ba wanda ya san sunan ubansa. Uban nata ya rasu a shekarar yunwa, ɗanta bai isa ɗaura wando ba. Mazan gidan gabas, 'ya'yan ƙanen Jatau, suka tafi Shinkafi cin rani ba su dawo ba sai da aka ga ruwa. Ita ta buɗe rumbunan ubanta, ita ta raba iri, ita ta yi shari'ar iyaka a gindin tsamiya da zane a kanta. Da ɗanta ya girma gari ya naɗa shi, ba wanda ya ce uffan. Daga gare shi muka fito.

Sai ranar da kika kai wa babanki fura a zaure, kina yarinya, lokacin da Bature ya aiko a kai asalin kowane mai gari. Kika tarar da shi da takardar a cinya da askar wanzami a hannu. Kika ce ko kallonki bai yi ba. "Aska guda, ɗiyata, sai ga kakar babana ta koma namiji." Kina faɗa kina dariya har sai kin yi tari. Kuma kullum da abu ɗaya kike rufewa: "Yanzu dai ina nan. Randa na mutu gemu za su sa mata."

Ina ɗakin karatu a can aka kira ni. Wayar na cikin jaka a kulle, domin ba a shiga da ita. Da na fito shan ruwa na ga kiran Yaya Bello jere. Na kira shi a tsaye kusa da tagar da ruwan sama ke duka, ya faɗa mini kin rasu, na ce innalillahi. Na koma ciki na ƙarasa layin da nake kwafewa, saboda ƙarfe huɗu ake karɓe fatar. Na jira kuka a mota, na jira shi a ɗaki, na jira shi a jirgi bayan wata huɗu. An nuna mini kabarinki, na ga ƙasa da tukunya fasasshiya. Har yau kukan bai zo ba. Mata sun ce boko ya busar mini da ido. Wataƙila sun yi gaskiya, ba ni da hujjar musu.

Shekaranjiyar dai na buɗe gwangwanin. Takardar ta yi ja, gara ta ci gefe ɗaya, amma sunayen suna nan. Da Larabci aka haɗa su: wane bin wane bin wane. Tsakanin bin, wato ɗan, da binti, wato ɗiyar, harafi ɗaya ne, harafin ta mai ɗigo biyu. Na tashi na je bakin zaure na ɗaga ta ga rana, na karkata ta yadda tsohuwar ta koya mini. Bayan sunan Gambo akwai wuri kamar ƙwayar gero inda takardar ta yi siriri, rana tana ratsawa. A samansa akwai wasu 'yan wurare biyu ƙanana. Kakana ya iya aski, bai huda ta ba.

Ban ji komai ba, Gwaggo. Na dai lura akuyar maƙwabta tana cin bawon rake a ƙofar gida. Baffa yana bayana yana cewa, "Mi kike nema a rana? Rubutun ai a ciki yake." Na ce masa ina duba ingancin takarda. Ya ji daɗin kalmar, ya maimaita ta.

Kwana biyu na yi a ɗakinki da injin rubutuna. Na buga Gambo ɗan Jatau, na duba, ya zauna daidai. Ba wanda zai ɗaga takardar ga rana in ba ni ba. Na san in na rubuta ɗiyar, 'yan gidan gabas za su ce sarauta ba ta bin nono, su nasu maza ne tun daga sama har ƙasa, mu kuwa jikokin mai jakuna ne. Na san Yaya Bello ya fi ɗan takararsu sanin gonakin nan, ya san wace kuka ce ta raba ta wane da ta wane. Shi ne yake ɗora ni a keke ya kai ni firamare lokacin da sauran 'yan mata suke talla. Na lissafa duk wannan a sanyaye, kamar amsar jarrabawa.

Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne, kada in yi miki ƙarya. Ƙeyata ce. Wurin layi na uku ya riƙa yi mini zafi.

Na goge na rubuta Gambo ɗiyar Jatau. A ƙarƙashi na ƙara shafi guda: yadda ta riƙe garin, yadda gari ya naɗa ɗanta da jikanta da tattaɓa-kunnenta ba gardama, da cewa in ana neman hujjar gidanmu, ita ce hujjar. Na rubuta cewa an kankare takardar, ban faɗi wanda ya kankare ba. Inda ake sa madogara na sa sunanki. Ban sani ba ko masu zaɓe za su karanta har can. A Sikotilan an sha ba ɗan ɗiya gida, amma nan ba can ba ce, kuma ba zan yi kamar na san yadda za ta ƙare ba.

Yau da hantsi na kai musu. Baffa ya sa tabarau ya bi da yatsa, ya tsaya a layi na uku. Ya ce, "Mun aike ki ɗebo ruwa kin fasa tulun." Ya ce da ya sani da ya ba mai buga takardu na bakin tasha, wanda ba ya ɗaga komai ga rana. Ya ce ke kika lalata ni tun ina ƙarama, ya kuma ce Allah ya jiƙanki, duk a numfashi ɗaya.

Yaya Bello ya karɓa ya karanta har ƙarshe, a hankali, leɓensa na motsi. Ya ninke ta biyu ya sa a aljihun gaba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni ma ta ja mini kunne a kan Gambo." Bai ce zai kai ta ba, bai ce ba zai kai ba. Bai kalle ni ba. Ban san ko na rasa yayana ba, ko kuwa shi ne ya rasa gari ta hannuna.

Gwaggona, ban zo jana'izarki ba, ban yi miki wanka ba, ban yi miki kuka ba. Wannan kaɗai na iya. Kakarki tana nan yadda kika bar ta, haɓarta sumul.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sada ki da Gambo ku gaisa. Allah ya yafe wa kakana askarsa, tsoro ne ya riƙe masa hannu. Allah ya mai da mutanenmu gonakinsu ko wa aka naɗa, ya sanyaya zuciyar Yaya Bello a kaina. In da rabo, ya kawo mini hawayen nan ko a mota ne.

Mai gidan hayar ya ce gobe za a zuba wasu a ɗakin. Na ɗauki matsefinki na ƙaho, sauran na bar wa mata su raba. Motar Gusau ta kusa cika. Ƙofarki har yanzu tana jan ƙasa, sai an ɗaga ta kaɗan kafin ta rufu, yadda kika nuna mini. Zan ɗaga ta, in ja, in tafi.

Ɗiyarki,
Hadiza, mai taurin gashi