Langata da Kuka Kulle a Gilashi

Zuwa ga Hajiya Shugabar Makarantar Koyon Aikin Jinya, inda 'yata Habiba take aji biyu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina lafiya, da iyali, da malamai da ɗalibai baki ɗaya.

Ranki ya daɗe, sunana Balaraba, a Tudun Wada nake a nan Zariya, sana'ata alkaki da dubulan na biki. Sau uku ina zuwa ofishinki. Ran farko aka ce kina taro, na biyu aka ce kin tafi Kaduna, na uku mai gadi ya miƙo mini takarda in cike, na duba na ga ana tambayar inda yake mini ciwo. Shi ya sa na rubuto a buɗe, ko wani ya karanta ya kai miki labari. Maganar a kan langata ce, shuɗiya mai murfi, wadda yanzu haka take kulle cikin gilashi a ajinku, da sunana a jikinta.

Na ɗaya, ya kamata ki san abin da kuka kulle. Langar nan daga kayan ɗakin mahaifiyata ta fito, Allah ya jiƙanta. Shekara ashirin da tara ke nan ina tara magani a cikinta. Duk wanda aka ba shi magani a asibiti ya ji sauƙi kafin ya shanye, ragowar langa take shiga, don a gidanmu ba a yi mana tarbiyyar zubar da abu mai amfani ba. Maƙwabta ma suna kawo nasu, ran da suka kwanta kuma su aiko a ɗebar musu. Kada ki ɗauka a hargitse nake aikin, ina da tsari. Ja na jini ne, rawaya na shawara da mura, kore na ciki, fari kuwa na duk ciwon da ba a gane kansa ba. Babbar ƙwaya ta babban mutum ce, ƙarama ta ƙarami, mai matsakaicin jiki a ɓalla masa babba gida biyu. Kwali da takardar da ake naɗowa a ciki kuwa wurin hura gawayi suke tafiya.

Na biyu, abin da kuka mayar mini da yarinya. Habibar nan ita nake aika ta ɗauko langar tun ba ta kai tsawon gado ba. Tun da ta shiga darasin sanin magunguna a wurinku, gidana ya koma ofishin 'yan sanda. Ta zo mini da wasu tambayoyi biyar da ta ce sai an amsa su kafin ƙwaya ta taɓa harshe: wane ne zai sha, wane magani ne, nawa ne adadinsa, ta wace hanya za a ba shi, kuma a wane lokaci. Ranar wata Talata kaina yana sara, na ce ta miƙo mini fara guda. Sai yarinyar nan ta gyara tsayuwa ta ce in faɗi cikakken sunana. Ni da na yi naƙudarta kwana biyu! Na faɗa mata sunan, na haɗa mata da wasu sunayen da ba zan rubuta a nan ba.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga maƙwabciyata Maman Ladi, ta dawo daga koyon waƙa a majami'arsu da tari. Shekara ashirin tana shan maganin langata muna zaune lafiya. Habiba ta tsare ta a tsakar gida, ta tambaye ta wane magani take sha yanzu, ko akwai wanda yake sa mata ƙaiƙayi, sannan ta tambaye ta ko tana da juna biyu. Matar nan jikokinta tara. Bayan duk wannan tuhuma ba ta ba ta komai ba, ta ce ta je asibiti a duba ƙirjinta. Daga ranar ƙafa ta ɗauke daga gidana, har masu zuwa aron turmi suka rage.

Na uku, maganar maigidana, Malam Shehu, tsohon kafinta ne mai hawan jini. Shekara biyu da suka wuce ya yi laushi. In ya miƙe jiri ya kwashe shi, salla sai a zaune, sau biyu yana faɗuwa a bakin rijiya, magana kuwa sai an tambaye shi. Muka ce tsufa ne, muka rungumi ƙaddara. Asibiti biyu yake zuwa, ɗaya ya ba shi fara, ɗaya ya ba shi mai ruwan hoda, ni kuma kullum safe in haɗa masa duka biyun, don ban ga dalilin fifita wani likita a kan wani ba. In ya yi atishawa in ƙara masa 'yar rawaya daga langa. Bayan Babbar Salla aka kawo sababbin kwalaye, Habiba ta ƙwace su kafin su kai ga gawayi, ta karanta ƙananan rubutun, sai na ga ta zauna a ƙasa. Ashe magani ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta, ninki biyu nake ɗura masa, 'yar rawayar kuma barci take sawa. Ba ta cire masa komai da kanta ba, ta ce wannan ba huruminta ba ne. Ta sa shi a keke-napep da kwalayen biyu ta kai shi wurin likita, aka gyara.

To, ranki ya daɗe, ba wanda ya gargaɗe ni abin da zai biyo baya. Cikin mako uku mutumin nan ya tashi. Yanzu shi ne mai ɗanɗana gishirin miya, shi ne mai gardama da rediyo. Ya ciro ƙofar ɗakin girkina wadda ba abin da ya same ta, ya ce a karkace take tun ran da aka sa ta, alhali shi ya sa ta, kuma yau kwana goma sha tara tana jingine da bango, kaji suna shiga suna fita. Ya fito da tsohon babur ɗinsa yana zagaya unguwar Kongo yana gaishe da mutanen da suka riga suka yafe masa don sun zaci ba zai tashi ba. Wannan ɓarna duk daga makarantarku ta fito. Amma ba zan ɓoye miki ba, ran da na ga ya yi sallar la'asar a tsaye, ya yi ruku'u ya ɗago bai dafa bango ba, ɗaki na shiga na yi kuka. Da hannuna nake ba shi ƙwayoyin nan, da bisimilla, shekara biyu.

Na huɗu, yadda langar ta bar gida. Habiba ta ce aron ta take yi na kwana biyu don aikin makaranta. Kwana biyu ya zama wata biyu. Ban san inda aka kwana ba sai ranar Asabar ta makon jiya, da na kai alkakin biki unguwar Hanwa. Wata ƙawar amarya ta ji an kira sunana, ta dafe ƙirji, ta kira 'yan'uwanta ɗalibanku, suka kewaye ni suna ɗaukar hoto kamar sun ga giwa a kasuwa. A bakinsu na ji cewa an rubuta a jikin gilashin: Langar Hajiya Balaraba ta Tudun Wada, misalin abin da ba a yi. Uwar amarya tana ji, ta ɗaga alkakina tana jujjuya shi a rana.

A bakinsu kuma na ji sakamakon binciken da ajin ya yi. Wai iri arba'in da bakwai aka samu, talatin da ɗaya ba a gane ko mene ne ba, cikin waɗanda aka gane kuma akwai wanda ya girmi Habiba. Wai ja-da-rawayan da nake ba mutum guda biyu ya ji garau, ba a shan sa guntu-guntu, yin hakan koya wa ƙwayar cuta dabara ne. Wai doguwar nan mai kamar harsashi, wadda Maman Ladi take haɗiya don tari tana yabawa, ba ta baki ake amfani da ita ba, kuma ina roƙonki wannan magana kada ta isa majami'a. Wai manyan nan guda huɗu da nake ajiye wa ƙattin maza na tsutsar awaki ne. Wata fara kuma da na daɗe ina tattali don babbar rana, ban taɓa ba kowa ba saboda ƙarfin da nake zato tana da shi, da aka wanke ta sai ga huji biyu, maɓallin riga ne.

Na biyar, kuma nan ne zuciyata take ƙuna. Na yarda na yi kuskure, rashin sani ya fi dare duhu. Amma ku da kuka sani, wa ya taɓa faɗa mini? Haihuwa bakwai na yi a asibiti, na yi jinyar uwa, na yi ta miji. Na tsaya a tagar karɓar magani sau ba adadi. Kullum hannu ne yake leƙowa da 'yar leda, an ja mata layi uku da biro, a ce safe, rana, dare, mai bi ya matso. Ba a taɓa gaya mini sunan ƙwaya ko guda ba, ko aikinta, ko abin da ba a haɗa ta da shi. In na buɗe baki in tambaya, a ce Hajiya akwai layi. Wanda aka hana suna, launi ya rage masa. Kun sa langata a gilashi yara suna dariya, amma hannun da ya cika ta daga cikin tagarku yake fitowa, kuma waɗannan yaran gobe su ne a bayan tagar.

Saboda haka ga buƙatuna. Da na zo ofishinki niyyata in tafi da langata a ranar. Sai Habiba ta shaida mini cewa masu jarrabawa daga waje za su zo wata mai kamawa, kuma makinta a kan langar nan ya rataya, in aka ɗauke sai ta maimaita shekara. To, ku riƙe ta har a gama. Bayan nan a dawo mini da ita wankakkiya, da murfinta, babu komai a ciki. Ƙwayoyin ku hallaka su yadda kuka iya, maɓallin kuma a ba ni abina.

Sunana kuwa, na yi niyyar cewa a goge, amma na fasa, tunda ya riga ya kai Hanwa. A bar shi, sai dai a ƙara mini kujera ɗaya kusa da gilashin ranar jarrabawa. Zan zo da kaina in zauna. Kowace ɗaliba ta miƙo mini ƙwaya ɗaya, ta gaya mini sunanta da aikinta da haɗarinta da Hausar da zan gane, in maimaita mata. Wadda na gane ta wuce. Wadda ta ja mini layi uku ta ce mai bi ya matso, a kayar da ita, ko da Habiba ce.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya sa albarka a hannun yaran da kike koyarwa, ya tsare su daga ba wani bawan Allah abin da zai cutar da shi. Allah ya sa ki gama da wannan kujera lafiya, amin.

Wassalam.

Taki,
Hajiya Balaraba mai alkaki,
Tudun Wada, Zariya.