Amsar Treasure da Maganar Idona

Tudun Fulani, Minna
9 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Patricia,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan ke da maigidanki Silas da yara kuna lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara muku ƙarfi. Nan ma mun gode Allah, sai zafi. Gwaggonki Sara ta koma Gwada tun watan jiya saboda gyaran gonar doya, gidan ya rage ni kaɗai. Ina dafa abinci sau ɗaya, in ci sau biyu. Tun rasuwar mamanki ban iya auna shinkafar mutum ɗaya ba.

Ranar Lahadi jikata Treasure ta tambaye ni a waya yadda fotenshiyomita ke aiki, saboda jarrabawarta ta matso, sai layi ya yanke. Ki ba ta wannan. Fotenshiyomita wayar ƙarfe ce mai tsawon mita ɗaya, kaurinta ɗaya daga farko har ƙarshe, an miƙe ta a kan katako. Idan aka haɗa babban batir a bakinta biyu, ƙarfin wutar yana rabuwa daidai a tsawonta: rabin waya, rabin ƙarfi. Sai a kawo ƙaramin batirin da ake son aunawa, a haɗa shi da agogo mai allura da ɗan ƙarfen da muke kira joki. Ta riƙa taɓa wayar da jokin wuri-wuri har allurar ta tsaya cak a tsakiya. A nan ƙarfin ƙaramin batirin ya yi daidai da na guntun wayar, wuta ba ta bi ta cikin agogon. Ta auna tsawon. Batirin da ya tsaya a santimita sittin ya ninka wanda ya tsaya a talatin. Kada ta ja jokin a kan waya, yana kankare ta.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Makon jiya Malam Zikrullahi, wanda ya gaje ni a ɗakin gwajin kimiyya na makarantarmu, ya roƙe ni in je in nuna wa 'yan aji shida wannan aikin. Na yi murna ƙwarai, har na goge rigar da nake zuwa coci da ita. Na haɗa komai da hannuna ba kuskure, na taɓa wayar, na ce musu ga shi allura ta tsaya. Malam ya matso kusa da kunnena, a hankali ya ce Baba, allurar tana can gefen dama. Patricia, na sunkuya har hancina ya kusa taɓa gilashin, ban gan ta ba. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki. Na ce wa yaran yau su za su duba, ni zan riƙe joki, muka ƙarasa a haka. Da na dawo gida na zauna da rigar a jikina har la'asar, ba wanda zan ba labari.

Na je asibiti. Likita ta ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, kuma tana gyaruwa. Za a yi na dama ranar shida ga Mayu, amma ta ce dole wani ya kawo ni, ya zauna da ni mako guda saboda ɗiga magani. Ta tambayi sunan wanda zai zo, na ce zan kawo mata. Na san aikinki, na san nisan hanya. Idan ba za a ba ki hutu ba, ki faɗa mini gaskiya, ba zan yi fushi ba, sai in roƙi mutanen coci. Amma ke nake so in fara gani idan an cire bandejin.

Ki gaida Silas da Treasure da ƙaramin Gideon. Maƙwabcinmu Ndaliman yana gaishe ku. Allah ya tsare ku.

Ni ne mahaifinki,
Andrawus Gaiya