Inci Biyu Daga Bango

Tucson, 9 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Nadine da yara suna gaishe ki.

Anti Paulette ta ce kin sayi murhun itace, kuma wai da kanki za ki girka shi. Mama, shekararki sittin da shida. Na san man ɗumama gida ya yi tsada, kuma tun rasuwar Baba komai a kanki yake, amma fasa rufi aikin masu sana'a ne. In kika faɗo daga tsani, wa zai ji? Idan gidan ya fi ƙarfinki a sayar, ki dawo wurinmu. Har na yi magana da wani dillali.

Ki huta lafiya.
Ɗanki, Wendell

Van Buren, Maine, 21 ga Oktoba

Wendell,

Lafiyata lau, ka shafa mini kan yara. Paulette kuwa bakinta ba ya da murfi tun muna ƙanana.

Na kira mai sana'ar taka. Ya ce sai Fabrairu. Fabrairu! Kafin nan ai na daskare a kujera. Ubanka, Allah ya ji ƙansa, shi ke riƙe guduma, amma duk abin da aka gina a gidan nan ni ce mai karanta takarda da yin awo.

Na so in ɗauko tsohon murhun kakanka a rumbu, sai mai shago ya ce gwamnati ba ta rage haraji sai a kan sabon da ba ya ɓarnar itace. Na sayi sabo, takardar shaidarsa tana cikin gwangwanin biskit. Kashi talatin cikin ɗari za su cire mini. Aikin hannuna dai ba ya cikin lissafi, tunda ban ba kaina rasit ba.

Na shimfiɗa tayil, na fasa silin, bututun hayaƙi ya leƙa sama. Komai daidai. Dillalinka in ya zo ya zo da safar hannu, akwai itacen jerawa.

Allah ya yi maka albarka.
Mama

Van Buren, 28 ga Janairu

Ɗana Wendell,

Ina gaishe ka da iyali. Zauna ka ji abin da uwarka ba za ta taɓa gaya maka ba.

Wannan "komai daidai" nata ba daidai ba ne. Kamfanin inshora ya ce sai shugaban 'yan kwana-kwana ya duba ya sa hannu. Réal Ouellette ne, wanda ta yi shekaru tana kaiwa makaranta a bas ɗinta. Ina wurin. Ya auna, ya sake aunawa, ya sosa ƙeya.

Ya ce, "Madam Thibodeau, murhun ya matsi bango da inci biyu fiye da ƙa'ida. Amma tef ɗin awona tsoho ne, bari kawai in sa hannu."

Ta ce, "Réal, tun kana aji uku ba ka iya ƙarya ba. Mayar da bironka aljihu."

Bayan ya fita ta zauna a ƙasa ta yi kuka, na farko tun jana'izar ubanka. Na ce, "Yaya Lorraine, a haƙura mana." Ta share fuska ta ce in miƙo mata sifana.

Murhun nan ya fi mutum biyu nauyi. Ta ɗaga shi da jak ɗin mota, ta tura guntayen bututun ruwa a ƙarƙashi, ta gangara shi kamar keken jariri. Kwana uku tana kwance bututun hayaƙi tana sake ɗaurawa. Da Réal ya dawo sai da ya ɗauki hoto, wai zai riƙa nuna wa masu sana'a.

To, makon jiya ruwan ƙanƙara ya karya turakun lantarki, kwana huɗu babu wuta. Gidajen layin duk suka yi sanyi sai nata. Mu tara muka tare a falonta, har da tsoho Alphy Cyr da ya taɓa cewa za ta ƙona unguwa. Yana shan miyar kaza da ta dafa a kan murhun, yana cewa, "Ni dama na faɗa, matar nan ta iya." Ta ce, "Ci ka yi shiru, Alphy."

Ka rabu da zancen dillalin nan.

Taka,
Anti Paulette

Tucson, 6 ga Fabrairu

Mama,

Barka da arziki, na ji komai. Na karanta wa yara wasiƙar Anti sau biyu. Ki yafe mini. Takardun harajin ki aiko in cika miki, ko wannan ɗaya ki bar mini.

Ɗanki, Wendell

Van Buren, 19 ga Fabrairu

Wendell,

Na yafe. Takardun na cika na aika tun shekaranjiya.

In aiki kake nema, Alphy Cyr ya sayi murhu irin nawa, ranar Asabar ta farkon Afrilu zan girka masa. Ina bukatar mai riƙe mini tsani. Ka taho da rigar sanyi.

Mama